Ignaz Semmelweis: likitan da ya ceci masu jego da wanke hannu, shi kuma gubar jini ta kashe shi

A ranar 13 ga Agustan 1865 wani likita ɗan ƙasar Hungari ya mutu a gidan masu taɓin hankali da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, yana da shekara 47. Rauni ne a hannunsa na dama ya ruɓe, gubarsa ta bi jini ta gama jiki. Da aka zo binne shi bayan kwana biyu, mutanen da suka raka gawar ba su taka kara sun karya ba. Sunansa Ignaz Semmelweis, kuma ciwon da ya kashe shi shi ne wanda ya shafe kusan shekara 20 yana faɗa da shi a ɗakunan haihuwa.

Wannan ciwo likitoci na kiransa sefsis, mu kuma mukan ce gubar jini. Yana farawa ne daga ƙwayar cutar da ta samu ƙofa, ko ta rauni, ko ta huhu, ko ta mafitsara, ko ta mahaifar mai jego. Sai jiki ya tashi yaƙarta, yaƙin ya wuce gona da iri, har ya koma yana lalata ƙoda da huhu da hanta da ƙwaƙwalwar mai shi. A zamanin Semmelweis ba a san ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi ba, babu kuma maganin kashe su. Duk da haka ya rage mutuwar mata a sashen da yake aiki daga kashi 18 cikin 100 zuwa kusan kashi 2 a cikin wata biyu, da kwanon ruwa da burushin goge farce.

Ɗan mai kanti da ya guje wa karatun lauya

An haifi Semmelweis a ranar 1 ga Yulin 1818 a unguwar Taban ta garin Buda, wanda daga baya aka haɗe shi da Pest suka zama Budapest. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana da kantin kayan masarufi da kayan yaji, shi kuma Ignaz shi ne na biyar cikin 'ya'ya goma. A 1837 aka tura shi Jami'ar Biyana ya karanci aikin lauya. Bai shekara biyu ba ya sauya sheƙa zuwa karatun likita, ya kuma kammala a 1844.

Biyana a lokacin ita ce matattarar masu neman ilimin likita a Turai. A can ya zauna gaban manyan malamai uku: Carl von Rokitansky, gwanin feɗe gawa don gano abin da ya kashe mutum, da Josef Skoda, masanin ciwon ƙirji, da Ferdinand von Hebra, likitan fata. Ya nemi gurbin aiki a ɓangaren cututtukan cikin jiki bai samu ba, sai ya karkata ga fannin haihuwa. A ranar 1 ga Yulin 1846, ranar da ya cika shekara 28, aka naɗa shi mataimakin Farfesa Johann Klein a sashen haihuwa na ɗaya na Babban Asibitin Biyana.

Sashe biyu, asibiti ɗaya

An buɗe wannan asibiti tun 1784, kuma matan talakawa ne suka fi zuwa haihuwa a cikinsa, don kyauta ake karɓarsu. Ladan da suke biya shi ne su yarda ɗalibai su koyi aiki a jikinsu. Sashen haihuwar kashi biyu ne. A na ɗaya ake koyar da ɗaliban likita, a na biyu kuma ake koyar da ungozomomi. Ba mace ke zaɓar inda za ta kwanta ba, ranar da naƙuda ta kama ta ita ke yanke mata: yau ana kai mata wannan sashe, gobe wancan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Daga 1841 zuwa 1846 an karɓi haihuwa 20,042 a sashen likitoci, mata 1,989 suka mutu, kusan ɗaya cikin kowace goma ke nan. A sashen ungozomomi an karɓi haihuwa 17,791, mata 691 suka mutu, ƙasa da kashi 4 cikin 100. Mafi yawansu zazzaɓin jego ne ya kashe su. Mace za ta haihu lafiya, kwana biyu ko uku sai ta fara rawar sanyi, jiki ya yi zafi rau, ciki ya kumbura ya yi tauri, biƙi ya riƙa wari, kafin mako ya zagayo an fitar da gawarta. Sau da yawa jaririn ma ya bi ta.

Matan gari sun san da wannan bambanci sarai. Wasu har durƙusawa suke yi suna kuka, suna roƙon kada a kai su sashen likitoci. Wasu kuma sukan yi ta jan ƙafa har su haihu a hanya, sannan su ƙaraso da jaririn a hannu. Abin da ya ɗaure wa Semmelweis kai shi ne, waɗannan da suka haihu a bakin titi, cikin sanyi da ƙazanta, ba kasafai zazzaɓin ke kama su ba.

Manyan likitoci suna da amsoshinsu. Wasu sun ce gurɓatacciyar iska ce ke tasowa a wasu lokuta na shekara. Wasu sun ce cunkoso ne, wasu sun ce nono ne ke komawa cikin jiki ya ruɓe, wasu kuma sun ce tsoro ne da kunyar da mata ke ji idan maza suka duba su. Semmelweis ya ɗauki waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da lissafi. Idan iska ce, ai rufi ɗaya ne ya rufe sassan biyu. Idan cunkoso ne, ai sashen ungozomomi ya fi cika, tunda can kowa ke rububin zuwa. An ce ƙarar ƙararrawar limamin coci, wanda ke ratsa ɗakin idan zai je wurin mai gargarar mutuwa, ita ke firgita mata. Ya roƙi limamin ya daina kaɗa ta, ya kuma sauya hanya, mutuwa ba ta ragu ba. Ya lura ungozomomi na kwantar da mai naƙuda ta gefe, likitoci kuma rigingine, ya sa aka koma kwanciyar gefe, nan ma shiru. Hukumar asibiti ta ɗora laifin a kan ɗalibai baƙi, wai hannunsu ya cika kaushi, aka kori da yawansu, mutuwa ta ɗan lafa sannan ta dawo.

Duk wannan lokaci, kowace safiya Semmelweis kan fara ne da ɗakin ajiye gawa. Yakan feɗe matan da suka mutu jiya, yana neman abin da ya kashe su, daga nan ya wuce kai tsaye ɗakin haihuwa ya duba masu naƙuda. Ɗalibansa ma haka suke yi.

Mutuwar aboki

A watan Maris na 1847 ya tafi hutu birnin Benis na Italiya don ya sarara. Da ya dawo sai ya tarar abokinsa Jakob Kolletschka, farfesan binciken gawa na shari'a, ya mutu. Suna cikin feɗe wata gawa ne wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa, ciwon ya bi jini, kwanaki kaɗan ya cika. Semmelweis ya karanta rahoton abin da aka gani a cikin gawar abokin nasa: mugunya a ƙirji da ciki, kumburin jijiyoyi, ƙuraje a gaɓoɓin ciki. Wannan shi ne ainihin abin da ya saba gani a jikin masu jego.

Namiji ne, bai haihu ba, ba shi da mahaifa ba shi da nono, amma ciwon masu jego ya kashe shi. Ashe ke nan wani abu ne daga jikin gawa ya shiga jininsa ta wurin yankan. Idan wuƙa za ta iya ɗauko wannan abu, hannu ma zai iya. Mahaifar macen da ta haihu yanzu ɗanyen rauni ce a buɗe, hannun da ya fito daga cikin gawa kuma shi ake cusawa a duba ta. Nan take sauran tambayoyin suka warware. Ungozomomi ba sa feɗe gawa, shi ya sa sashensu ya fi lafiya. Wadda ta haihu a titi ba wanda ya duba ta, shi ya sa ta tsira. Wadda naƙudarta ta yi tsawo an fi yawan duba ta, shi ya sa ta fi shiga haɗari. Ya koma cikin tsofaffin littattafan asibitin, ya ga cewa kafin 1823, lokacin da ba a mayar da feɗe gawa ginshiƙin koyarwa ba, mutuwar masu jego ba ta cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba.

Wannan ganowa ta zo masa da nauyi, domin babu wanda ya kai shi yawan shiga ɗakin gawa a sashen. Ya fahimci cewa naciyarsa ta neman dalilin mutuwar matan ita kanta ta ƙara yawan masu mutuwa, kuma bai ɓoye hakan ba a rubuce-rubucensa na baya.

Kwanon ruwa a bakin ƙofa

Likitocin lokacin suna wanke hannu da sabulu, amma warin gawa ba ya fita. Semmelweis ya ɗauki warin a matsayin shaidar cewa abin yana nan maƙale. Sai ya nemi abin da ke kashe wari, ya samu sinadarin kulorin, dangin wanda ke cikin ruwan bilic na wanki, wanda wasu ke kira jabel. A tsakiyar watan Mayun 1847 ya ajiye kwanon ruwan kulorin a bakin ɗakin haihuwa, ya kafa doka: duk wanda ya fito daga ɗakin gawa, malami ne ko ɗalibi, sai ya goge hannunsa da farcensa a ciki har warin ya fita kafin ya taɓa mace.

A watan Afrilu, kafin dokar, mata 57 ne suka mutu cikin haihuwa 312, wato kashi 18.3 cikin 100. A watan Yuni adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 2, a Yuli kashi 1.2. A shekarar 1848 gaba ɗaya sashen likitoci ya tsaya a kusan kashi 1.3, kafaɗa da kafaɗa da sashen ungozomomi, kuma a watannin Maris da Agusta na wannan shekara ko mace ɗaya ba ta mutu ba.

Akwai darasin da ya koya a tsakani. A watan Oktoban 1847 aka kwantar da wata mata mai ciwon dajin mahaifa da ke zubar da ruwa a gadon farko na ɗakin. Likitoci sun wanke hannu da kulorin a bakin ƙofa, sun fara da ita, sannan suka bi sauran gadajen da wankin sabulu kawai. Cikin mata 12 da aka duba bayanta, 11 suka mutu. Daga nan ya gane cewa ba gawa kaɗai ke ɗauke da gubar ba, duk wani ciwo mai ruɓa a jikin mai rai ma yana iya yaɗa ta. Sai ya faɗaɗa dokar: a wanke hannu tsakanin kowace mace da ta gaba, a kuma wanke kayan aiki.

Me ya sa aka ƙi shi?

Mai karatu zai ce, da irin wannan sakamako ai sai a ɗaga shi sama. Ba haka aka yi ba, kuma dalilan suna da yawa. Na farko, maganarsa tana nufin likitoci ne da hannunsu ke kashe matan da suka zo neman taimako, gaskiya kuwa ɗaci gare ta. Wani farfesan haihuwa a garin Kiel na Jamus, Gustav Michaelis, ya karɓi maganar ya gwada ta, ya ga ta yi aiki. Da ya gane cewa shi ne silar mutuwar wata 'yar uwarsa da ya duba bayan ta haihu, baƙin ciki ya ci ƙarfinsa ya kashe kansa a 1848. Yawancin takwarorinsa musu suka zaɓa.

Na biyu, ilimin zamanin bai yarda ciwo yana da sanadi guda ɗaya ba. An ɗauka kowane majinyaci da irin nasa dalilin, gwargwadon yanayin jikinsa da iskar garinsu. Semmelweis kuma ba shi da abin da zai nuna wa ido. Ruɓaɓɓen nama yake cewa, bai kai ga gane cewa halittu ne masu rai ba, lissafinsa kawai yake da shi. Kafin shi, Alexander Gordon a Abadin ta Sikotland a 1795, da Oliver Wendell Holmes a Boston ta Amurka a 1843, sun yi nuni da cewa masu karɓar haihuwa ne ke yawo da zazzaɓin jego daga gida zuwa gida, su ma ba a saurare su yadda ya kamata ba.

Na uku, shi kansa ya yi sakaci da alƙalami. Abokansa ne suka riƙa yi masa shela: Hebra ya rubuta a mujallar likitocin Biyana a ƙarshen 1847, Skoda ya yi lacca a 1849. Da yake daga bakin wasu ake jin maganar, da yawa sun ɗauka gawa kawai yake nufi, sai su ce ai a asibitinmu ba a feɗe gawa amma mata na mutuwa.

Na huɗu, siyasa. A 1848 guguwar juyin juya hali ta kaɗa a Turai, Hungari ta yi wa sarautar Ostiriya bore. A jami'ar ma an ja daga tsakanin tsofaffin farfesoshi irin su Klein da matasa masu son sauyi. Da wa'adin Semmelweis ya ƙare a watan Maris na 1849, Klein ya ƙi sabunta masa. Ya nemi izinin koyarwa, aka ja masa rai har Oktoban 1850, sannan aka ba shi da sharaɗin cewa a jikin mutum-mutumin fata zai riƙa koyar da ɗalibai. Kwanaki kaɗan bayan haka ya tattara kayansa ya bar Biyana, ko sallama bai yi wa abokan da suka tsaya masa ba.

Komawa gida

A Pest ya karɓi sashen haihuwa na asibitin Sent Rokus a 1851, aikin da ba albashi. Ya tarar da zazzaɓin jego ya yi katutu, domin likitan tiyata ne ke duba masu haihuwa bayan ya gama da masu ruɓaɓɓen rauni. Daga 1851 zuwa 1855, cikin haihuwa 933, mata takwas kacal zazzaɓin ya kashe, ƙasa da kashi 1 cikin 100. A 1855 ya zama farfesan haihuwa a Jami'ar Pest. Can ma da mutuwa ta sake tashi ya bi diddigi, ya gano zannuwan gado ne: an ba da kwangilar wanki ga mai araha, ana dawo da su da jini da mugunyar wasu matan a jiki a shimfiɗa wa sababbin masu jego. Ya kwashi zannuwan ya kai su har ofishin jami'in da ke kula da kuɗin asibitin, sai da aka gyara.

A 1857 ya auri Maria Weidenhofer, suka haifi 'ya'ya biyar, biyu suka mutu suna jarirai. Sai a 1861 ya fitar da littafinsa da Jamusanci a kan sanadin zazzaɓin jego da ma'anarsa da rigakafinsa, shafi sama da 500, cike da jadawalin lissafi da kuma martani mai zafi ga masu sukarsa. Littafin bai samu karɓuwa ba. Rudolf Virchow, wanda ake wa kallon babban masanin cututtuka na Jamus, yana cikin waɗanda ba su gamsu ba. Semmelweis ya fusata, ya shiga rubuta buɗaɗɗun wasiƙu ga manyan farfesoshin haihuwa irin su Scanzoni da Spaeth da Siebold, yana ɗora musu alhakin jinin matan da ke mutuwa a hannunsu. Ta fuskar lissafi yana da gaskiya, amma zagin ya ƙara toshe kunnuwan da yake so su ji shi.

Kwana 14 na ƙarshe

Zuwa 1865 halinsa ya sauya ƙwarai. Ya tsufa farat ɗaya, ga mantuwa, ga saurin fushi, ga maganganun da ke kunyata iyalinsa a gaban mutane. Likitocin Pest suka rubuta takardar kai shi gidan masu taɓin hankali. A ranar 30 ga Yuli aka kai shi Biyana da dabara, tsohon abokinsa Hebra ya shigar da shi gidan da sunan ziyara. Da ya gane abin da ake ciki ya yi yunƙurin fita, masu gadi suka lakaɗa masa duka, suka ɗaure shi cikin rigar ɗaure mahaukata, suka jefa shi ɗaki mai duhu. Jinyar da aka yi masa ita ce kwara masa ruwan sanyi da ɗura masa man zurma don ya yi gudawa. Raunin hannunsa ya ruɓe, bayan mako biyu ya mutu. Wanda ya gaje shi a Pest bai riƙe dokar wanke hannu da ƙarfi ba, mutuwar masu jego ta haura zuwa kashi 6 cikin 100.

Kwana ɗaya kafin mutuwarsa, ranar 12 ga Agustan 1865, a birnin Gilasgo, likitan tiyata Joseph Lister ya wanke karayar ƙafar wani yaro ɗan shekara 11 da sinadarin kabolik, yaron ya warke ba tare da an yanke ƙafar ba. A 1879 Louis Pasteur ya nuna wa likitocin Faransa ƙwayar cutar da ke jeruwa kamar carbi a jinin masu zazzaɓin jego. Abin da Semmelweis ya gano da lissafi, sai ga shi madubin ƙara girma ya tabbatar.

Da yau ne aka kawo shi asibiti

Maganin da ke kashe ƙwayar cutar zazzaɓin jego bai samu ba sai a 1936, lokacin da Leonard Colebrook ya gwada Prontosil a wani asibitin haihuwa na Landan, sannan fenisilin ya biyo baya a shekarun 1940. Amma antibayotik bai rufe babin ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni. Dalili kuwa shi ne, ko an kashe ƙwayar cutar, ɓarnar da ta riga ta faru a jiki tana nan, sai an tallafi gaɓoɓi har su farfaɗo.

Mai rauni irin na Semmelweis, ban da antibayotik da za a ɗura masa ta jijiya cikin gaggawa, abu na farko shi ne a kawar da tushen ciwon: a yanke naman da ya mutu, a tsiyaye mugunya. Ga mai jego kuwa, a kwashe ragowar mabiyiya da ta maƙale a mahaifa. Wannan shi ne tunanin Semmelweis a sabuwar riga, a raba jiki da abin da ke ruɓa. Sai ƙarin ruwa, domin sefsis na sa jijiyoyin jini su saki su riƙa yoyo, ƙarfin jini ya faɗi. Tun 1832 wani likita a Sikotland, Thomas Latta, ya fara ɗura ruwan gishiri ta jijiya ga masu kwalara. Idan ruwa bai ɗaga ƙarfin jinin ba, a sa maganin matse jijiya, wanda aka fi farawa da shi shi ne noradirenalin. Idan shi ma ya gaza, a ƙara da ɗan haidirokotizon. Ana ba da iskar oksijin, idan huhu ya gaji a haɗa majinyaci da na'urar numfashi, idan ƙoda ta tsaya a yi wankin ƙoda. Ana lura da sukarin jini, ana ƙarin jini idan ya yi ƙasa sosai, ana ba da maganin hana daskarewar jini a ƙafafu, ana kuma fara ciyar da majinyaci da wuri.

A nan ma lissafi ne alƙali, kamar a Biyana. Wani magani mai tsada mai suna Xigris ya shiga kasuwa a 2001 da alƙawarin rage mutuwar masu sefsis, a 2011 aka janye shi bayan gwaji ya nuna ba ya yi. An yi ta yayata ɗura bitamin C mai yawa ta jijiya, babban gwajin da aka wallafa a 2022 ya nuna bai taimaka ba, waɗanda aka ba ma sun fi shan wahala. A Kenya da Uganda da Tanzaniya, gwajin da aka yi da yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa antaya musu ruwa da sauri ya ƙara yawan mutuwa a asibitocin da ba su da na'urar numfashi. Shi ya sa ƙarin ruwa aikin ma'aikacin lafiya ne mai auna majinyaci, bai kamata a ɗaura shi a ɗaki don kawai jiki ya yi sanyi ba.

Yawancin waɗannan na'urori sai a manyan asibitoci ake samunsu, kuma kuɗinsu ba na kowa ba ne. Abin da ke hannun kowa shi ne rigakafi da gaggawa. Wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2014 ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 na mutuwar mata wajen haihuwa sefsis ne sanadinta. Mai jegon da ta fara zazzaɓi da rawar sanyi, ko biƙinta ya sauya wari, ko mararta na ciwo mai tsanani, ko numfashinta ya yi sauri, ko fitsari ya ɗauke, ko ta fara sambatu, asibiti za a nufa da ita a ranar. Jira a ga abin da ruwan zafi zai yi, ko sayo kafso a kemis, lokaci ne ake ba ciwon.

A 1891 aka kwaso ƙasusuwan Semmelweis daga Biyana zuwa Budapest, a 1964 aka sake mayar da su gidan da aka haife shi, wanda yanzu gidan tarihin aikin likita ne. Tun 1969 jami'ar koyon likita ta Budapest ke ɗauke da sunansa, a 2013 kuma UNESCO ta sanya takardunsa cikin kundin abubuwan tarihin duniya. Kowace ranar 5 ga Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya na tunatar da ma'aikatan lafiya wanke hannu, domin har yau ba kowa ke yi ba. Don haka duk wanda ya raka matarsa ko 'yarsa ko ƙanwarsa haihuwa, a asibiti ne ko a gida wurin ungozoma, yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi ko an wanke hannu da sabulu, ko safar hannun sabuwa ce, ko rezar yanke cibiya daga cikin takardarta aka ciro ta.